Ka Bar Sawu Inda Ka Bi: Nasiha Ga Matasa Masu Aika Muƙala Ga Mujalla

Ƙannena ɗalibai, na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, da na reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, da 'yan Kauru da suka tafi Zariya neman digiri na biyu, wasunku sun kai matakin da malami zai dubi kundi ya ce, “Aikin nan ya yi kyau, ka ciro muƙala daga ciki ka aika wa mujalla.” Kafin ku aika, ku ara mini kunnuwanku in ba ku labarin yadda harafi ɗaya ya taɓa ba ni kunya.

Muƙalata ta farko a kan dangantakar Kauru da Zazzau na rubuta ta. Na yi watanni ina fama da ita, in gyara nan, in goge can. Shafin manazarta kuwa sai a daren ƙarshe na haɗa shi, ina hamma, ina kwasowa daga ƙarshen kundayen mutane. Da aka dawo mini da muƙalar, mai tantancewar, wanda har yau ban san ko wane ne ba, bai yi jayayya da hujjojina ba. Layi kawai ya ja a ƙarƙashin jimlar da na ce M. G. Smith ya faɗi kaza game da Kauru a littafinsa Government in Zazzau na 1960, ya rubuta a gefe: “A wane shafi?”

Maganar gaskiya, a lokacin ban taɓa riƙe littafin da hannuna ba. A kundin wani na ga zancen, shi ma da alama a kundin wani ya gani. Na shiga mota ta Pambeguwa zuwa Zariya, na wuce ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, na zauna da littafin tun hantsi har la'asar. Da na iso wurin sai gumi ya karyo mini. Ashe a kan Kajuru Smith yake magana. Can baya wani ya kwafa, “j” ta faɗi a hanya, mu kuma muka yi ta gadon kuskuren muna jingina wa mutumin abin da bai faɗa ba. Da muƙalar ta fita a haka, da ni ma wani ya kwafa daga wurina.

Tun daga ranar na daina kallon madogara a matsayin wahalar da edita ya ƙirƙiro don ya gajiyar da marubuci. Wanda aka kore masa shanu, sawu yake bi. Mai karatu ma haka: idan ka faɗi magana, yana so ya bi sawunka har inda ka ɗauko ta, ya gani da idonsa. Duk ƙa'idojin nan na aya da waƙafi da baka biyu aikinsu ke nan, su sa baƙon da bai san ka ba ya iya isa littafin da ka buɗe, a shafin da ka buɗe.

Abin ba baƙo ba ne a gidanmu

Kada wani ya ce muku wannan fi'ilin Turawa ne. Wanda ya zauna a zaure ya san ba a karɓar hadisi sai da isnadi, wane daga wane daga wane. Su Imamu Buhari, wanda ya rasu a shekara ta 870 Miladiyya, sun yi tafiye-tafiye masu nisa don tabbatar da maruwaici guda, har aka sami fanni sukutum na sanin halin maruwaita. A ƙasarmu ma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukhi, inda ya jero malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya ɗauka daga hannun kowannensu. 'Yan'uwanmu Kirista kuma sun san idan fasto ya hau mumbari zai faɗi littafi da sura da aya, kowa ya buɗe nasa ya duba. Wani mai maɗaba'a ne, Robert Estienne, ya sa wa ayoyin Sabon Alkawari lambobi a bugunsa na 1551, kuma da su ake aiki har yau. To, abin da mujalla take nema daga gare ku ɗan'uwan wannan ne.

Mu 'yan kudancin Kaduna muna da wani darasi a ƙarƙashin ƙafarmu. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kan yumɓu a kusa da ƙauyen Nok. A 1943 aka kai wa wani masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, wani kan daga yankin Jama'a, bayan an ce ya shekara a gonar doya yana korar tsuntsaye. Da Fagg ya haɗa su biyun, ya bi diddigin inda aka tono kowanne, sai duniya ta san da al'adar Nok. Daga baya, musamman a shekarun 1990, ɓarayin kayan tarihi suka yi ta tone ƙasar suna fitar da gumakan waje a ɓoye. Gunkin da aka sace yana nan da kyansa, amma masu bincike kaɗan suke iya karuwa da shi, don ba wanda ya san ramin da ya fito, ko zurfinsa, ko abin da ke kwance kusa da shi. Shi ya sa masanan Jami'ar Goethe ta Frankfurt, da suka fara aiki a yankin a 2005, suke auna wurin kowane ɓallin tukunya kafin su ɗaga shi. Bayanin da ka saka a muƙala ba tare da madogara ba, tamkar gunkin nan ne da aka sace.

Kowace mujalla da tsarin gidanta

Abu na farko, kafin ka taɓa komai, nemi ƙa'idojin mujallar da za ka aika wa, ka karanta su daga farko har ƙarshe. Sannan ka samo fitowarta ta baya-bayan nan ka buɗe ƙarshen muƙala biyu ko uku ka ga yadda aka jera manazarta. Wani lokaci abin da ido ya gani ya fi abin da aka rubuta a ƙa'ida bayani.

Salon da za ku fi cin karo da shi a fannin ilimi da harshe da zamantakewa shi ne APA, na ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka. Ya faro ne a 1929 da 'yan shafuka kaɗan, yanzu yana bugu na bakwai, wanda ya fito a ƙarshen 2019. Masu adabin Ingilishi sun fi son MLA. Masu tarihi kan bi salon Chicago, inda ake sa ƙaramar lamba a saman jimla, bayanin ya sauko ƙasan shafi. 'Yan'uwanmu na aikin jinya da likitanci kuwa salon Vancouver suke bi, wanda editocin mujallun likitanci suka tsara a taronsu na 1978, inda kowace madogara take da lamba bisa jerin yadda ta fara bayyana. Ba wanda ya fi wani tsarki. Laifin shi ne ka fara da wannan ka ƙare da wancan, ko mujalla ta ce bugu na bakwai kai kuma ka kwafo tsarin na shida daga tsohon kundin yayanka.

Bari mu ɗauki littafi ɗaya da kowane ɗalibin Hausa ya sani. A cikin matani za ka rubuta (Yahaya, 1988), idan kuma kalmominsa ka ɗauko kai tsaye, ka sa su cikin alamar zancen wani ka ƙara lambar shafi. A manazarta kuma: Yahaya, I. Y. (1988). Hausa a rubuce: Tarihin rubuce-rubuce cikin Hausa. Northern Nigerian Publishing Company. Sunan littafin da rubutun tsutsa zai fito. A bugu na shida da sai ka sa “Zaria, Nigeria” da ruwa biyu kafin sunan maɗaba'a, a na bakwai an cire sunan gari. Haka nan idan marubuta sun kai uku, a bugu na bakwai sunan na farko kawai ake sawa a matani tun daga ambaton farko, a bi shi da “da wasu”, amma a manazarta a jero su duka har mutum ashirin. Idan muƙalar mujalla ce, sunan mujallar da lambar kundinta ne ke ɗaukar rubutun tsutsa, sannan lambar fitowa, da shafin farko da na ƙarshe. Idan tana da lambar DOI, wato lambar dindindin da ake ba muƙala a intanet, ka sa ta a ƙarshe, don adireshin shafi kan mutu, ita kuwa an yi ta ne don ta ci gaba da kai mutum wurin.

Inda namu sunayen suke ba da wahala

Waɗanda suka tsara waɗannan salailai da sunayen ƙasarsu suka auna, inda kowa yake da sunan dangi. Mu kuwa wani sunan mahaifinsa ne a ƙarshe, wani na garinsu, wani na unguwarsu. Sa'idu Muhammad Gusau a manazarta Gusau, S. M. ne. Aliyu Muhammad Bunza kuma Bunza, A. M. Abin bi shi ne yadda marubucin ya rubuta sunansa a bangon aikin. Farfesa da Dokta da Alhaji da Malam duk ana ajiye su a ƙofa, kuma wannan ba rashin ladabi ba ne, haka tsarin yake ga kowa. Ku ma tun yau kowa ya tsayar da yadda zai riƙa rubuta sunansa. Wanda ya fito Musa Garba a muƙala ta farko, M. G. Kauru a ta biyu, Garba, M. K. a ta uku, ya raba kansa gida uku, kuma ranar ƙarin girma shi zai sha wahalar tattaro kansa. Lambar ORCID, wadda aka fara bayarwa a 2012, kyauta ce, kuma don maganin wannan aka yi ta.

Ku kula da haruffa masu ƙugiya. Ɗangambo da Ɗ ake rubuta shi, Zarruƙ da ƙ. Sau da yawa kana tura fayil daga wayarka zuwa kwamfutar shagon buga takardu sai su koma ɗan akwati ko alamar tambaya. Ka duba da kanka bayan an buga.

Sai sunayen al'ummunmu. A takardun zamanin Turawa za ka ga Chawai da Kurama da Katab da Kaje, alhali mutanen suna kiran kansu Atsam da Akurmi da Atyap da Bajju. A cikin bayaninka ka kira mutane da sunan da suke so. Amma taken aiki amana ne, ba a taɓa shi. Idan C. K. Meek ko Harold Gunn sun rubuta Katab, haka za ka bar shi a take da cikin zancen da ka ɗauko, don wanda ya je nema da sunan da ka gyara ba zai samu ba.

Shekara ma tana da tarko. Ƙamusun Bargery a 1934 ya fara fitowa, an kuma sake buga shi daga baya. Wanda ke hannunka shi za ka nuna, tare da shekarar asali, kada mai karatu ya ɗauka marubucin jiya ya yi aikin. Idan kuwa ka rasa asalin littafi sam, sai a aikin wani ka ga zancen, to ka faɗi haka: wane, kamar yadda wane ya kawo. Wanda ka karanta ɗin shi ne zai shiga manazarta. Da na yi haka a muƙalata ta farko, da kuskuren ya tsaya a kan mai shi.

Dattijon da ka zauna a gabansa

Nan ne nake so ku fi natsuwa. Abin da aka rubuta a kan ƙasar Kauru bai taka kara ya karya ba. In ka cire rahotannin jami'an mulkin mallaka, da littafin John Nengel na 1999 a kan dangantakar al'ummun Kauru da Pengana, da kundayen digiri da ke kwance a jami'o'i, sauran tarihin yana cikin ƙirjin tsofaffi. Duk wanda zai yi rubutu a kanmu sai ya zauna a kan tabarma.

Ka je wurin dattijo a Damakasuwa ko a cikin garin Kauru, ya bar aikinsa, ya ba ka yini guda, ya ba ka abin da ya ji daga kakansa. Ka dawo ka rubuta “bincike ya nuna” ko “masana sun ce”. Wannan cin amana ne. Baturen da ya kwana biyu a ƙasar ka ba shi suna da shekara da shafi, mutumin da aka haifa a cikinta ka mayar da shi “wata majiya”. Tun a wurin hirar ka rubuta cikakken sunansa, da kimanin shekarunsa, da sana'arsa ko sarautarsa, da garin, da ranar, da harshen da kuka yi magana da shi, da wanda ya yi tafinta in akwai. Ka tambaye shi, “Baba, ka yarda in sa sunanka?” In ya ce a'a, musamman a maganar da ta shafi rikicin ƙasa ko sarauta, ka sakaya shi, ka bayyana a muƙalar cewa shi ya nemi haka. Mujallun tarihi kan kawo waɗannan bayanai a ƙasan shafi. A salon APA kuwa hirar da mai karatu ba zai iya komawa ya saurara ba a cikin matani kawai ake ambatonta, da suna da cikakkiyar rana. Wasu mujallunmu na gida suna son jerin waɗanda aka yi hira da su daban. Ka bi abin da suka ce, amma kada sunan ya ɓace.

Haka takardun Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, da na Gidan Arewa. Kada ka rubuta “takardun Kaduna” ka wuce. Ka kwafe rukunin fayil ɗin, misali ZARPROF na lardin Zariya, da lambarsa, da takensa, da shekararsa, daidai yadda suke a bango, tun kana zaune a wurin. Wanda ya bari sai ya dawo gida, kuɗin mota na biyu yana jiransa.

Waya da na'ura

Yanzu kusan komai a waya kuke samu. Ɗalibin aikin gona da ke rubutu a kan cutar da ta cinye gonakin citta a Kachia da Jaba a daminar 2023 zai ga adadi iri-iri na asarar da aka yi suna yawo a WhatsApp da Facebook. Saƙon da aka turo, aka sake turowa, ba madogara ba ne. Ka bi shi har gindinsa: wace hukuma ce ta fitar, a wane rahoto, a wace rana? In ka kasa kaiwa, ka bar adadin.

Sai kuma sabuwar fitina. Ka ce wa ChatGPT ko waninsa ya ba ka manazarta goma a kan noman citta, nan take zai jero maka su tsaf, da sunaye da shekaru da shafuka, kuma wasunsu ba a taɓa rubuta su ba a duniya. A watan Yunin 2023 wani alƙali a birnin New York ya ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar wa kotu shari'o'in ƙarya da na'urar ta ƙirƙiro musu. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Edita zai liƙa taken a Google Scholar ko AJOL, rumbun mujallun Afirka da ke intanet, cikin minti ɗaya asiri ya tonu, kuma sunanka ne a saman takardar. Dokar mai sauƙi ce: abin da idonka bai karanta ba, kada hannunka ya sa shi a manazarta.

Akwai manhajojin da ke taimakawa da gaske. Zotero kyauta ce, tana adana bayanan duk abin da ka karanta, ta kuma juya maka su daga wannan salo zuwa wancan. Sai dai abin da ka zuba mata shi za ta dafa, kuma takan rikice da sunayenmu, don haka a duba bayanta. Wanda ba shi da kwamfuta, littafin rubutu mai shafi arba'in ya ishe shi. Duk littafin da ka buɗe, kafin ka karanta layin farko, ka rubuta marubuci, shekara, take, maɗaba'a. In a waya kake aiki, ɗauki hoton bango da shafin da ke bayansa. Abin da ka kwafa kalma da kalma ka sa masa alamar zancen wani tun a nan, domin bayan wata shida ba za ka iya bambance maganarka da ta mai littafi ba, kuma ta wannan ƙofar satar fasaha take shigar wa mutanen kirki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Daren da za ka aika

In ka gama, kada ka yi saurin turawa. Ka buga muƙalar a takarda, ka nemi aboki ɗaya, ku zauna da biro. Kai ka riƙe matani, shi ya riƙe manazarta. Duk inda ka iso baka biyu ka karanta da ƙarfi, suna da shekara, shi kuma ya nemo a jerinsa ya sa alama. In ka kira suna bai same shi ba, ka manta da wani. In kun gama akwai wanda bai sami alama ba, ado ne kawai ka yi da shi, a cire. In kai ka ce 1988 shi ya ga 1998, a koma ga littafin. In marubuci ɗaya yana da ayyuka biyu a shekara guda, a bambance su da a da b. Aikin ba zai wuce tsakanin magariba da lisha ba, kuma zai iya cece ka daga jiran watanni.

Har yau ina yi wa mai tantancewar nan addu'a. Bai san ni ba, bai ga fuskata ba, kalma uku kawai ya rubuta mini. Yanzu duk ɗalibin da ya kawo mini aiki, in na ga ya jingina magana ga wani, ita ce tambayar da nake masa. Ku riƙa yi wa kanku ita kafin wani ya yi muku. Nan da shekara talatin wata yarinya daga Kauru ko Geshere za ta buɗe muƙalarku tana neman tarihin garinsu, lokacin dattawan da kuka yi hira da su sun daɗe da kwantawa, kuma abin da kuka rubuta a ƙasan shafi shi kaɗai zai kai ta gare su. Allah Ya sa albarka a karatunku, Ya sa ku fi mu.